Ƙofa Ba Makulli, Adaka Ba Ta Biyu

  

Kafin mu ce komai, akwai bashi a wuyanmu. Masu bin wannan fili ba su manta ba, mun yi alkawarin cewa a wannan wata za mu fara kawo muku labarin fataucin goro kamar yadda muka ji shi daga bakin tsofaffin Jugu, watau yadda ayari ke tasowa daga Kano ya bi ta Nikki ya yada zango a Jugu kafin ya miƙa zuwa Salga ta ƙasar Gwanja. Alkawari kaya ne, ga shi kuwa mun zo muku hannu rabbana. Ba mantuwa muka yi ba, ba kuma ƙiwuya ce ta hana mu ba. Muryoyin dattawan ne suka salwanta a hannunmu, kuma laifin namu ne. Shi ya sa muka ga ya fi kyau mu faɗa muku yadda abin ya faru, ko Allah ya sa wani ya tsira daga irin ramin da muka faɗa.

Shekaru da dama da suka wuce muka riƙa zama da waɗansu dattawa huɗu, muna tambaya suna ba da amsa, rikoda na ɗauka, har muka cika kaset 14. Uku daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Da muka ga zafi ya fara sa zaren kaset ɗin yana mannewa, sai wani ɗan ƙanenmu mai ilmin kwamfuta ya juye mana su duka cikin kwamfuta. Daga nan muka sayi faifan ajiya, wanda masu butik ke kira diski dur, ɗan abu ne da bai fi tafin hannu ba, muka zuba komai a ciki. Da kwamfuta ta cika, muka goge na cikinta, muna cewa ai akwai a faifai. Da muka tashi sauya gida, muka bar wa yara kaset ɗin suka yi wasa da zarensu, muna cewa ai akwai a faifai.

Ran nan da dare muna zaune muna sauraren muryar ɗaya daga cikin marigayan domin mu fara rubutu, sai aka ɗauke wuta. Kwamfuta ba ta mutu ba saboda tana da batir, faifan ma yana ta aikinsa. Cikin duhun nan jikanmu ya taho da gudu, ƙafarsa ta harɗe da waya, faifai ya faɗo daga kan tebur. Tsawon faɗuwar bai kai ƙugun mutum ba. Da muka sake jona shi, sai muka ji yana ƙas, ƙas, ƙas, kamar tsohon agogon bango. Mai gyara na farko a nan Paraku mutumin kirki ne, ya ce mu daina kunna shi, domin duk kunnawa ƙara ɓarna take yi, kuma buɗe shi sai a ɗaki na musamman wanda ƙura ba ta shiga. Muka aika da shi Kwatano, tafiyar fiye da kilomita 400, muka biya abin da muka biya, bayan mako uku aka dawo mana da shi tare da ban haƙuri.

Tun da muka fara ba da wannan labari a majalisa, sai muka tarar ashe ba mu kaɗai ba ne. Wani mai ɗaukar hoto ya ce hotunan biki uku suka tafi masa a dare ɗaya, har yau akwai gidan da ba ya iya bi ta ƙofarsu. Wani Alhaji mai sayar da kayan babur ya ce lissafin bashin shekara biyu ya ɓace masa, kuma a ranar ya san masu tsoron Allah cikin abokan cinikinsa. Waɗansu kuma kukansu ba na faifai ba ne, na ɗan akwatin nan ne mai ƙiftawa da ke raba intanet a cikin gida, watau akwatin wifi. Da muka zauna muka auna, sai muka ga duk zancen ɗaya ne. Waɗansu 'yan akwatuna biyu sun shigo gidajenmu, ɗaya ya zama adakar da muke ajiya, ɗaya ya zama ƙofar da duniya ke shigo mana, mu kuwa mun ba su amana ba tare da mun san halinsu ba.

ABIN DA KE CIKIN ADAKAR

Da mun san abin da ke cikin faifan nan, da ba mu ajiye shi a bakin tebur ba. A cikinsa akwai wani faranti mai sheƙi da ke juyawa, a galibin irin waɗanda muke saye sau 5,400 a minti ɗaya, watau sau 90 a daƙiƙa ɗaya. A samansa akwai wata 'yar allura da ke shawagi tana rubutu tana karatu, ba ta taɓa farantin, amma ratar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi siranta sau dubbai. To idan ya faɗi alhali yana juyawa, allurar nan sai ta caki farantin ta kankare abin da ke rubuce. Ƙarar da muka ji, ta allura ce tana neman hanya ba ta samu ba.

Abin mamaki ne ƙwarai yadda wannan na'ura ta ƙanƙance. Na farko da kamfanin IBM na Amurka ya fitar a 1956 nauyinsa ya kai kimanin tan ɗaya, amma abin da yake ɗauka bai fi hoto ɗaya ko biyu na wayar zamanin nan ba. Waɗanda suka yi aikin ofis a shekarun 1990 suna tune da disket mai ɗaukar mega 1.44. To faifai mai tera 1 yana ɗaukar abin da disket kusan 700,000 za su ɗauka. Sai dai wannan yalwar ita ce tarkon. A da in disket ya lalace, wasiƙa biyar ka rasa. Yau in faifai ya lalace, aikin shekara 20 ne ya tafi gaba ɗaya.

Akwai sabon iri da ake kira SSD, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa. Ya fi jure faɗuwa da jijjigar zemijan, ya fi sauri, ya kuma fi tsada. Amma shi ma yana mutuwa, kuma sau da yawa ba ya yin gargaɗi, sai dai a wayi gari a ga kwamfuta ba ta san shi ba. Kile da memorin waya kuwa, waɗannan jakar tafiya ce, ana kai saƙo da su, ba a yin ajiyar shekaru a cikinsu.

Sa'an nan ga jabu. Araha ba ta ado. Akwai kile da faifan da aka rubuta musu girma mai yawa, kwamfuta ma ta nuna haka, alhali an yi wa ƙwaƙwalwarsu ƙarya ne tun daga inda aka ƙera su. Za ka yi ta zuba kaya yana karɓa, ashe sabo yana taka tsoho, sai ranar da ka buɗe ka tarar da suna ba kaya. Maganinsa shi ne, in ka saya, kada ka ba shi amana sai ka cika shi taf da finafinai ko wani abin da ba ka damu da shi ba, sa'an nan ka bi ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Amma kada a zalunci mai butik a kan abin da ba laifinsa ba: faifai mai tera 1 na gaskiya, kwamfuta takan nuna shi giga 931, wannan bambancin lissafi ne kurum tsakanin maƙera da kwamfuta, ba cuta ba ce.

A ƙasarmu abokan gaban faifai huɗu ne: faɗuwa, da zafin bazara, da wutar da ke zuwa tana komawa, da zare waya da gaggawa. Wanda ya gama aiki, ya sallami faifan daga cikin kwamfuta tukuna kafin ya zare, kamar yadda ba ka janye tabarma sai baƙo ya tashi. Kada a bar shi cikin mota a rana, kada a ɗaga shi yana aiki, kada kuma a riƙa yawo da shi daga wannan kwamfuta zuwa waccan a wuraren buga takardu, domin can ake kwaso cutar da ke ɓoye kaya.

DARASIN FATAKE

Duk wannan hattara tana da kyau, amma ba ta isa ba. Ko ka lallaɓa faifai kamar ƙwai, wata rana zai mutu, domin kayan ƙira ne. Abin tambaya shi ne, ranar da ya mutu, ina na biyunsa?

A nan ne muka ji kunya, domin amsar tana cikin muryoyin da muka rasa. Dattawan nan sun sha gaya mana cewa falke mai hankali ba ya ɗora dukiyarsa duka a kan jaki ɗaya, saboda jaki yakan faɗi a mashigin rafi. Sun gaya mana yadda ake barin wani kaso na kaya a hannun mai gida a zango, domin in hanya ta ɓaci a gaba, akwai abin dawowa a tarar. Sun kuma gaya mana cewa goro ba a ɗaure shi a manta, dole a riƙa kwance huhu ana dubawa, a yayyafa ruwa, a sauya ganye, a fid da wanda sankara ta kama kafin ya ɓata sauran. Mun ji duk wannan da kunnenmu, mun ɗauka a rikoda, sa'an nan muka ɗora shi a kan jaki ɗaya.

Masana kwamfuta ba su zo da abin da ya wuce wannan ba. Ƙa'idarsu ita ce 3, 2, 1. Duk abin da rasa shi zai sa ka kuka, ya kasance kana da shi sau 3, a kan na'ura iri 2, kuma 1 daga ciki ya kasance ba a gidanka yake ba. Misali, ɗaya a kwamfuta ko waya, ɗaya a faifan da ke cikin adaka, ɗaya kuma a wurin ɗan'uwa. Mutumin Paraku ya kai nasa Jugu, mutumin Jugu ya kawo nasa Paraku, tafiyar kimanin kilomita 135 ce, gobara ɗaya ko ɓarawo ɗaya ba zai haɗa gidajen biyu ba. A lura da kyau, domin nan ne muka faɗi: in ka kwashe kaya daga kwamfuta ka zuba a faifai ka goge na kwamfutar, ba ka yi ajiya ta biyu ba, ka sauya wa kayan ɗaki ne kurum. Kuma kamar goro, a riƙa kwance huhu. Duk bayan wata biyu ko uku a jona faifan, a buɗe hoto, a saurari murya, a ƙara sabon abin da aka samu.

Wanda ke ganin wannan wahala ce, ya tuna da Tumbuktu. A watan Janairu na 2013, 'yan bindigar da suka mamaye garin sun cinna wa littattafan Cibiyar Ahmad Baba wuta, kimanin 4,000 suka salwanta. Amma mafi yawan littattafan garin sun tsira, saboda tun kafin ranar, Abdulƙadir Haidara da abokan aikinsa sun yi ta zuba su cikin adakokin ƙarfe suna rarrabawa gida gida, daga baya aka yi ta sulalewa da su zuwa Bamako, waɗansu a mota, waɗansu a kwalekwale ta kogin Kwara. Ba ƙarfin adaka ya cece su ba, rarrabawa ce.

Matasa za su ce, Baba, ai yanzu a intanet ake ajiya. Gaskiya ne, kuma muna ba da shawarar a yi. Mai adireshin Google yana da giga 15 kyauta, sun isa takardu da hotuna masu muhimmanci. Amma rumbun wani ne, da sharuɗɗansa. Tun daga watan Disamba na 2023 kamfanin ya ba kansa ikon goge asusun da aka shekara 2 ba a taɓa ba. Kuma tun da aka mai da lambobin wayar ƙasar nan 10 a ranar 30 ga Nuwamba 2024, aka ƙara 01 a gaba, ya kamata kowa ya duba lambar da ya ɗaura wa asusunsa, don kada ranar da ya manta kalmar sirri a aika masa saƙo inda ba zai same shi ba. Ban da haka, hanyar rumbun takan toshe. Ba mu manta da ranar 14 ga Maris 2024 ba, da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kodebuwa, Benin na cikin ƙasashen da abin ya fi shafa, aka yi kwanaki ana fama. Ba mu kuma manta da ranar zaɓen 28 ga Afrilu 2019 ba, da aka wuni babu intanet. Saboda haka rumbun intanet jaki ɗaya ne cikin uku, ba shi ne ayarin duka ba.

ƘOFAR DA MUKA BARI A BUƊE

Bayan abin da ya same mu, sai muka ce bari mu duba ɗaya akwatin tun kafin shi ma ya koya mana darasi. Intanet ta shigo Benin a ƙarshen 1995, lokacin taron ƙasashe masu amfani da Faransanci da aka yi a Kwatano, kuma shekaru da yawa bayan nan sai mutum ya je gidan intanet ya biya kuɗin awa. Yau ga MTN, ga Moov Africa, ga Celtiis da ta fara aiki a 2022, kowanne da ɗan akwatinsa da ake sa wa sim a ajiye a falo, gida duka ya samu. Alheri ne babba, musamman gare mu da danginmu ke warwatse daga Kano zuwa Kumasi, daga Gaya zuwa Makka.

Kukan da muka fi ji iri uku ne. Na farko, rezo ba ya kai wa ɗakunan ciki. Da muka shiga gidajen masu wannan kuka, sai muka tarar wani ya kulle akwatin cikin kabad na ƙarfe saboda yara, wani ya ajiye shi a ƙasa bayan talabijin, wani kuma a lungu kusa da firiji. Sautin rediyo ne ke fita daga cikinsa, ƙarfe yana tare shi, bangon siminti yana rage masa ƙarfi, ruwa ma yana shanye shi. A ɗaga shi sama, a fili, a tsakiyar gida, in mai sim ne kuma kusa da taga inda yake jin eriyar kamfani. Akwatunan da ke nuna suna biyu, ɗaya da 2.4 ɗaya da 5, ku sani mai 5 ya fi sauri amma ba ya nisa, mai 2.4 ya fi ratsa bango. Na falo ya hau 5, na ƙuryar gida ya hau 2.4.

Na biyu, wuta. Akwatin nan ba ya cin wuta, bai fi ƙaramin ƙwan fitila ba, kuma galibinsu da bolt 9 ko 12 suke aiki, don haka ɗan batirin da ake sayarwa dominsa yakan riƙe shi awoyi in an ɗauke wuta. Abin da ke kashe shi shi ne dawowar wuta da ƙarfi, da tsawar damina, da kuma jona masa cajar da ba tasa ba don kurum bakinta ya shiga. In hadari ya haɗu, a zare shi daga bango. Rigakafi ya fi magani.

Na uku shi ne babba: forfe na wata ɗaya yana ƙarewa a kwana 10, mai gida yana ta zagin kamfani. Mu ma mun yi wannan zagi. Da ɗan ƙanen nan namu ya buɗe mana cikin akwatin, sai ga wayoyi 19 a jone, alhali duk gidan wayoyi 7 ne. A ranar muka gane dalilin da samarin unguwa suka ƙaunaci dakalin ƙofar gidanmu bayan sallar isha. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kalmar sirrinmu lambar wayarmu ce, wadda ke rubuce ɓaro-ɓaro a allon shago.

Ga abin da muka koya. Akwatin nan makulli biyu gare shi, mafi yawanmu ɗaya muka sani. Na farko shi ne kalmar da ake ba waya ta hau wifi. Na biyu shi ne na ɗakin sarrafa akwatin kansa, wanda ake shiga ta wata lamba mai farawa da 192.168 da ke rubuce a ƙarƙashinsa. Akwatuna da yawa suna zuwa daga masana'anta da kalma ɗaya da kowane yaro ya sani, watau admin. Wanda ya shiga nan, shi ne mai gida, yana iya ganin kalmarka ko sau nawa ka sauya ta. A sauya duka biyun. A zaɓi kalma doguwa, kamar kalmomi huɗu na Hausa da ba su da dangantaka da juna, a haɗa da lamba, ban da sunan ɗa, ban da lambar waya, ban da shekarar haihuwa. A wurin zaɓen irin kulle a ɗauki WPA2 ko WPA3, a guji WEP wanda aka daɗe da karya shi, a kuma kashe abin da ake kira WPS. Sa'an nan a sani cewa wayoyin yanzu suna iya miƙa wa wata waya kalmar ta hanyar ɗaukar hoton wani zane, don haka in ka ba yaro ɗaya, ka ba abokansa.

Kada a ɗauka asarar forfe ce kaɗai. A 2016 wani Bature ɗan Ingila ya tara dubban kyamarori da na'urorin intanet na mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, ya mai da su runduna, ya auka wa kamfanin waya na Lonestar a Laberiya har intanet ta durƙushe a ƙasar. Kotu a Landan ta ɗaure shi shekara 2 da wata 8 a watan Janairu na 2019. Yawancin irin waɗannan na'urori, ta makullin masana'anta da ba a sauya ba ake shigarsu. Ke nan ƙofar da ka bari a buɗe, ana iya bi ta cikinta a cuci wani, sawu kuma ya nuna gidanka.

Akwai kuma inda akwatunan biyu ke haɗuwa. Waɗansu akwatunan wifi suna da bakin da ake jona faifai, domin kowa a gida ya ga hotuna daga wayarsa. Abin sha'awa ne, amma ka ɗauko adaka ke nan ka ajiye a zaure. A watan Yuni na 2021 masu wani faifai na kamfanin Western Digital mai suna My Book Live, wanda ke zama a jone da intanet, suka wayi gari a ƙasashe da dama suka tarar an share musu komai daga nesa, har kamfanin ya roƙi jama'a su cire shi daga intanet. Tun 2015 rabon da a sabunta masa manhaja. Don haka faifan da ke riƙe da abin da ba ka son rasawa, wurinsa cikin adaka, a zare, ba a jikin akwatin wifi ba. Akwatin ma in ya tsufa har maƙeransa sun daina aiko masa da gyara, a sauya shi.

Wani zai ce, to haƙƙin maƙwabtaka fa? Mu mutanen zango ne, da karɓar baƙo aka san mu, ba za mu ce a hana maƙwabci ba. Amma kakanninmu da suka gina zaure domin baƙo ba su ba shi makullin turaka ba. Yawancin akwatunan nan suna da hanyar baƙi ta daban, mai kalmarta daban, wadda ba ta kai mutum ga kwamfutar gida. A buɗe wa maƙwabci wannan, da saninka, da yardarka, ka sami ladanka cikakke. Matasanmu masu sana'ar sayar da tikitin wifi a unguwa kuwa, muna yi musu fatan albarka, muna kuma tuna musu cewa sayar wa jama'a intanet sana'a ce da ke ƙarƙashin hukumar ARCEP, gara mutum ya je ya tambayi ƙa'ida da ƙafarsa tun kafin a zo a tambaye shi.

KIRA GA MANYANMU

Muna da dalili na musamman da ya sa wannan magana ta shafe mu fiye da kowa. Mu 'yan tsiraru ne a ƙasar nan, ko da yake kakannin waɗansunmu sun zauna a Jugu da Paraku tun kafin jirgin ƙasa ya iso Paraku a 1936. Wanda bai da yawa, takardarsa ce bakinsa. Takardar haihuwa, da takardar rajistar RAVIP da aka yi daga 2017 zuwa 2018, da katin da hukumar ANIP ke bayarwa, da takardun fili, da na gado, duk a ɗauki hotonsu a ajiye wuri uku. Hoto ba ya maye gurbin takarda ta asali a gaban hukuma, amma ranar da gara ko gobara ta ci ta asalin, wanda ke da lamba da kwanan wata a hannu ya fi wanda ke rantsuwa kurum.

Haka kuma muna kira ga sarakunan zango da limamai da malaman makarantun allo. A gidaje da yawa akwai takardun ajami cikin gafaka, wasiƙun fatake, da lissafin bashi, da salsalar iyali, waɗanda babu kwafinsu ko'ina a duniya. Akwai kaset na tafsirin malaman da suka rasu. Matasa suna da wayoyi masu ɗaukar hoto tangaran, dattawa suna da kayan. A haɗa su a zaure ɗaya ranar da ba kasuwa, a ɗauka, a yi kwafi uku, ɗaya a gidan mai kaya, ɗaya a wurin liman, ɗaya a wani gari. Kuma don Allah, bayan an ɗauka, kada a yar da na asali kamar yadda muka yi.

Za mu rufe da ɗan abin da ya sanyaya mana zuciya. Muna cikin jimami sai ga saƙo daga wata 'yarmu da ke aure a Maraɗi. Ashe a wani lokaci can baya mun taɓa tura mata hira biyu ta WhatsApp, saboda ɗaya daga cikin dattawan kakan mijinta ne, ita kuwa ba ta goge ba. Cikin kaset 14, abin da ya yi saura ke nan, kuma bai tsira don dabararmu ba, sai don ya kwana a wani gari. Yanzu haka yana wuri uku. Dattijo na huɗu kuma yana nan da ransa, mun riga mun aika masa da goro, ya ce mu zo.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Namu ya riga ya ƙone, ku duba naku tun yau, kada a bari sai gobe. Wanda ke da labari irin wannan, ko wata dabara da ba mu ambata ba, ya rubuto mana, fili na kowa ne. Da yardar Allah a wata mai zuwa za mu fara biyan bashi da abin da ya rage. Allah ya tsare mana amanarmu, ya sa mu dace. Mu kwana nan.